Haladu Barandami da Tsamiyar Saude

A gidan masunta aka haifi Haladu, a wani ƙauye gabas da Haɗejiya, inda kogi kan shigo har bakin danga idan damina ta yi albarka. Ubansa masunci, kakansa masunci, 'yan uwansa maza huɗu tun ba su daina tsotson yatsa ba suke kwanciya kan gora su ratsa ruwa. Shi kuwa gogan naka ko wanka za a yi masa sai an kira maƙwabta. Ranar da uban ya gaji ya ɗauke shi cak zai jefa shi kogi don ya koya, sai ya zille, ya ɗare wata kanya da ke bakin gaɓa, ya yi zamansa can ƙololuwa har la'asar. Uban ya tsaya a ƙasa yana zagi har wuyansa ya ƙage, ya haƙura ya tafi. To daga ranar nan sana'a ta samu.

Da ya zama saurayi sai ya riƙa bin Fulanin da ke saran gawo da rani su zubo wa shanu ganye. A hannunsu ya fara riƙe barandami, gatarin nan mai doguwar ƙota da ake daddatse rassa da shi, ya kuwa manne masa har sunan ya bi shi. Amma ba a daɗe ba suka raba hanya. Su shanu suke dubawa, su aske bishiya tas su wuce. Shi kuwa sai ya dawo bayan shekara ya tsaya yana kallon inda aka sara, yana lura da wanda ya warke da wanda ya ruɓe ya zama gidan gara. Da haka ya zama mutumin da ake kira idan reshe na shirin faɗa wa ɗaki, ko kuka ta yi tsawo ta fi ƙarfin masu neman miya, ko rimin kasuwa ya fara jefo busassun rassa a kan masu tallan nono. Daga Haɗejiya har Birniwa an san shi. Gajere ne, ƙafafu kamar na kwaɗo, ba budurwar da ta taɓa ɓarin tallanta wajen kallonsa. Amma idan ya rungumi icce, sai ka rantse tare suka tsiro.

In kana son Haladu ya yi magana har ka nemi hanyar gudu, tambaye shi kayan aiki. Ban da barandamin, gatari biyu gare shi, babba na ƙasa, ƙarami na sama. Yakan ce wanda ya hau bishiya da babban gatari, gatarin ne zai zaɓar masa inda zai faɗo. Ƙota ta aduwa yake yi, ba ta kowane iccen da aka tsinta a hanya ba, kuma tun jajibiren aiki yakan tsoma kan gatarin a ruwa don iccen ya kumbura ya riƙe ƙarfen gam. Ya huda gindin kowace ƙota ya zura tsirkiya ya ɗaure a ƙugu, kada ƙarfe ya suɓuce ya sami kan 'yan kallo, waɗanda ba sa taɓa fashin zuwa, ba sa kuma taɓa tsayawa inda aka ce su tsaya. Dutsen da yake wasa su fatake ne suka kawo masa daga nesa, tun da ƙasar nan yashi ce da laka, ko na jifan kare sai an wahala. A jakar fata yake ajiye shi. Ma'u matarsa ta ce da ita yake tattali haka, da tuni ta yi ƙiba.

Ma'un ce ke tufka masa igiya, ta rama, tufka uku. Ba ya yarda da wata. "Igiyar kaba ta jaki ce," in ji shi. "Ta fata kuwa munafuka ce, da ta ji raɓa sai ta miƙe, ka ga kana sauka ba ka yi niyya ba." Duk ranar aiki sai ya warware tufkar kaɗan ya leƙa cikinta ya shinshina. In ya ji warin ruma, ko gari ya zubo, shi ke nan ta zama ta ɗaurin akuya. Ba da takalmi yake hawa ba, ba riga, daga shi sai ɗan wando da walki. Hatta layunsa a cikin hula yake barinsu a ƙasa. Ya ce laya tsari ce, ba ya musu, amma igiyarta idan ta sarƙe da reshe ba ta jin Larabci.

Sau ɗaya ya taɓa faɗowa, kuma ba ya ɓoyewa. Kuka ce, irin wadda ake kakkafa wa turaku a jiki a taka a hau. Ya tarar da turakun bara suna nan, ya ce ai an hutar da shi. Na tara ya ruɓe daga ciki, waje kuwa lafiya lau. Wata biyu ya yi a hannun maɗori, kafaɗar hagu kuma ta zauna ƙasa-ƙasa har ƙarshen ransa. Tun daga nan da turakunsa yake zuwa, na ɗanyar kanya, ya feƙe da kansa. Kuma kafin ya ɗora nauyinsa kan reshe sai ya ƙwanƙwasa shi da ƙeyar gatari ya kasa kunne. Mai lafiya a taƙaice yake amsawa, mai rami kuwa ya yi ta amo kamar ganga. Ya ce mutane ma haka suke, amma wannan ba a tambaye shi ba.

Shekara uku ko huɗu bayan jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Malam Madori, zazzaɓin gyaɗa ya kama kowa. Wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ma sai ka ji yana neman fili. A cikinsu akwai Malam Bunu, wani Babarbare mai fataucin kanwa da busasshen kifi, mutum mai tumbi da ladabi, wanda duk abin da ya sani game da gyaɗa shi ne ana ɓare ta kafin a ci. Ya sayi gona a kan hanyar mashigin kogi. A kan iyakar gonar ta kudu, tsakaninta da hanya, akwai wata tsohuwar tsamiya, mutum uku ba sa kama gindinta.

To a nan gona daban, bishiya daban. Kana iya sayen ƙasa, iccen da ke kanta na wani. Wannan tsamiya ta Saude ce, 'yar kawun Haladu, wato taubashiyarsa, wadda tun suna ƙanana take kiransa bawa kamar yadda wasan ya ba ta dama. Da ubanta ya rasu, mazan gidan suka kwashe gonar suka bar mata bishiya, suna ganin sun yi wayo. Su suka sayar suka cinye, ita kuwa shekara talatin tana ci daga jikin tsamiyarta. Miji ya mutu, 'ya'ya mata sun yi aure nesa. A gindinta take dama kunu ta soya ƙosai ta sayar wa masu zuwa mashigi, da sanyi kuma ta kaɗe 'ya'yan ta curo su ta adana na shekara. Ba ta da wani abu bayan wannan.

Lokacin sanyi Malam Bunu ya je duba gonarsa da rana tsaka, ya tarar da inuwa ta kwanta shame-shame cikin filinsa, Saude kuma ta baje tukwanenta a tsakiyar inuwar. Ya tafi wurin Bulama Shu'ibu, mai garin, ya kai ƙara. Bulama yana fama da ƙafa a ranar, sai ya aiki wani dogo ya auno. Dogon ya dawo ya ce taku ashirin da uku. Nan take a zaure aka yanke: duk reshen da ke jefa inuwa a gonar Bunu a sare shi kafin Juma'a biyu, in an ƙi kuwa a kayar da bishiyar gaba ɗaya. Aka aika wa Haladu.

Da ya zo, Malam Bunu ya zaro wani zarto sabo ƙal daga ƙunshi, ya ce a kanti ya sayo, zai ba shi aro don aiki ya yi sauri. Haladu ya juya shi, ya lanƙwasa shi, ya miƙa masa abinsa.

"Malam, wannan ai mataji ne. A kai wa mata. Abin da maƙerin garinmu ba zai iya gyarawa ba, ba kayan aiki ba ne."

Ya yi ba'a, amma aikin bai kwanta masa ba. Ya san tsamiyar nan kamar tafin hannunsa. In za a janye inuwar taku ashirin da uku, sai an cire duk ɓangaren arewa, a kuma rage mata kai. Bishiyar da aka yi wa haka ta zama mai kafaɗa ɗaya. Da ruwa ya cika fadama ƙasa ta yi laushi, hadari ɗaya zai kwantar da ita kan hanya. In ma ta tsaya, shekara biyar ba za ta yi ɗa ba, Saude kuwa ba ta da shekara biyar na zaman jira. Ya sara, ya kashe ta a hankali. Ya ƙi, a kira wasu su kashe ta rana ɗaya.

Washegari da hantsi ya saɓi kayansa ya tafi. Ya tarar da ita cikin gonar, a inuwa, tana juya ƙosai.

"A'a, ga bawa da wuƙaƙensa," in ji Saude. "Ka karya, ko sai ka gama yanka ni?"

"Tsohuwa, ni aiko ni aka yi."

"Na sani. Kai ai tun kana ƙarami ba ka da ta cewa, sai hawa da sauka kamar ƙadangare. Ungo ƙosai, kada a ce da yunwa ka kashe uwar ɗakinka."

Ya karɓa ya ajiye a gefe. Ya yi wa bishiyar sallama yadda ya saba. Masu cewa da aljanu yake gaisawa suna da gaskiyarsu, amma kafin a amsa idonsa ya gama neman zuma da rina a cikin rassa. Ya ɗauki gawayi ya fara zagayawa yana ƙirga waɗanda za su tafi. Bakwai. Ya sake ƙirgawa ko za su ragu, suka ƙi. Ya koma ta kudu, ta bakin hanya, yana ja da baya, kansa a sama, yana neman inda zai jefa igiya. Sai ji ya yi dunduniyarsa ta doki wani abu, ya tafi zaune daɓas.

"Wace ƙazama ce ta bar murhu a bakin hanya?"

"Ƙazamar da ta goya ka," in ji Saude. "Nawa ne. Na damina."

Ya duba. Murhun laka ne, ya yi baƙi ƙirin, ga toka ta daskare a cikinsa. Kusa da shi wata saiwa ta fito waje ta yi sumul saboda zaman masu shan kunu.

"Murhu biyu gare ki? Me ya hana ki zama wuri ɗaya?"

"Ji min bawa da tambayar wofi. In zauna a rana? Inuwa nake bi. Yanzu tana can cikin gona, ni ma ina can. Da zafi ya yi zafi sai ta tattaro ta dawo gindi. Kafin ruwan shuka ta tsallako nan bakin hanya, in kwaso tukwanena in biyo ta. Ba ta komawa sai an fara cin tumu, shi ma da rarrafe. Kai a shekara talatin ka taɓa ganina zaune cikin shukar mutane?"

Haladu ya dubi murhun da ya kayar da shi, ya hango na cikin gona. Shekara arba'in yana hawa bishiya, ya san wadda ke da rami, ya san wadda ke da maciji, amma bai taɓa zama gindin guda ɗaya daga shekara zuwa shekara ba. Shi daga sama ya san bishiya. Inuwa kuwa sai wanda ya rasa wurin zuwa.

"To me ya sa ba ki faɗa wa Bulama ba?"

"Wa ya tambaye ni? Gemu huɗu suka zauna a zaure suka gama. Ni na ɗauka kun sani kuke yi don mugunta. Ashe wauta ce. To alhamdu lillahi, ita ana warkewa."

Bai ko ɗauki hularsa ba ya nufi gidan Bulama. Kafin azahar ya taso su, Bulama kan jaki saboda ƙafa, Malam Bunu na biye yana haki, sai 'yan kallo da ba a gayyata ba. Ya nuna musu murhun cikin gona, ya nuna musu na bakin hanya, ya sa Saude ta maimaita, ta kuwa maimaita har da ƙari.

Bulama Shu'ibu ya shafa gemu ya ce, "Wallahi haka ne. Bangon masallaci ma da damina ta kudu muke shimfiɗa buzu."

Nan fa kowa ya tuna. Wannan ya ce ai shi tun jiya abin ke masa yawo a ka, wancan ya ce kakansa ya sha faɗa masa. Maza kenan. Da an buɗe tukunya kowa ya san abin da aka dafa.

Malam Bunu dai bai gamsu ba. "Allah ya ja zamanin Bulama, ni idona na yarda da shi. Ga inuwa nan kwance a gonata. Yanzu a ce min wai za ta yi ƙaura? In na shuka ta ƙi tashi fa?"

"Malam," in ji Haladu, "yanzu me ka shuka a ciki?"

"Babu."

"To inuwa a kan babu, wa ta cuta? Bulama, ranka ya daɗe, ga abin da na gani. Rassa biyu ne suka tsallaka iyaka suka tsaya bisa gonarsa. Waɗannan ko ina rana ta bi za su rufe masa ƙasa, haƙƙinsa ne a cire su, zan cire. Sauran biyar a bar su. A kafa turke cikin gonar, taku uku daga iyaka. Ranar da ya fito shuka mu dawo nan da rana tsaka. In inuwa ta wuce turken, ni da hannuna zan kayar da ita."

Saude ta ce, "Kai bawa, da tsamiyar wa kake rantsuwa?"

"Da taki. Ke kika ce tana tsallakowa."

"Tana tsallakowa mana. Amma ka riƙa neman izini."

Bulama ya yi dariya har jakin ya motsa, ya ce an yi haka. Malam Bunu ya ce shi zai kafa turken da kansa, ya kuwa auna taku uku 'yan ƙanana irin na mai ciwon baya. Aka ƙyale shi.

Kashegari aka yi aikin. Reshen farko bai ba da wahala ba. Haladu ya ɗaura igiyar ƙugu a wani reshe da ke sama da kansa, ya bi na ƙasan har ƙarshe, ya faro daga tsinin yana daddatsewa da barandami gutsure-gutsure yana dawowa baya. Haka yake yi kullum. Ya ce mai saran reshe daga tushe lokaci ɗaya, ko rago ne ko yana gaba da mai gidan.

Na biyun shi ne magana. Kaurinsa ya kai turmi, kuma daga wata matsattsiyar gwafa ya fito, manne da reshen da ya fi kowanne 'ya'ya, wanda Saude ke kira Mai Albarka. Da ya rage masa ganye da ƙananan rassa, sai ya hau sama ya shimfiɗa tsohuwar fata a wata gwafa, ya zura doguwar igiya ta kanta don kada ta ci ɓawon bishiyar ko bishiyar ta ci ta. Baki ɗaya ya ɗaure gungumen, ɗayan ya jefo ƙasa.

"Malam Bunu, tun da gonarka ce, kai za ka riƙe."

"Ni?"

"Kai ka fi kowa nauyi a nan. Zagaya ta sau biyu a jikin aduwar can, ka riƙe wutsiyar. Kada ka naɗa a hannu. In ka naɗa, gungumen zai sauko, kai ka hau, mu gaisa a hanya. In na ce saki, ka riƙa saki kaɗan-kaɗan kamar mai ba da aro."

"Wannan kuwa ya iya," in ji Saude.

Haladu ya bar kamu ɗaya daga tushe, ya fara sara ta ƙasa har ya ci kashi ɗaya cikin uku, sannan ya koma ta sama, ɗan gaba kaɗan. Wanda ya fara ta sama, reshen kan ɓalle ya ɗaye ɓawo har gindi, ciwon da ba ya warkewa. Can sai icce ya yi ƙara, ya ce "Riƙe!" Gungumen ya saki, ya yi lilo, igiya ta yi kuka a jikin aduwa. Malam Bunu ya rufe ido yana salati da Barbarci da Hausa gaba ɗaya, amma bai saki ba. Sannu-sannu aka dire shi ƙasa ko ƙura bai tayar ba.

Saura kututturen da ya rage, kamu ɗaya. Ba a barinsa haka, ruwa zai zauna ya ruɓe ya shiga uwar. Ba a kuma shafe shi daidai da jiki. Akwai wani ɗan kumburi kamar wuya inda reshe ya haɗu da uwa, daga bakinsa ake yankewa, shi ke rufe ciwon. Haladu ya gyara tsayuwa ya ɗaga ƙaramin gatari. Wurin ya matse, hannu ba ya sakewa. Ya sara, zuciyar tsamiya kuwa ƙarfe ce, gatarin ya yi tsalle. Ya sake sarawa, ya goce, ya ɗebi ɓawon Mai Albarka kamar faɗin yatsa biyu.

"Ka taɓa min ita!" Saude ta miƙe tsaye da matsamin ƙosai a hannu. Wannan karon ba wasa a muryarta.

Haladu ya sauke gatari. Ya dubi gwafar, ya dubi inda ya ji wa reshen ciwo. Sara ashirin ake bukata ko fi, kuma ya san cikin ashirin biyar za su goce. Ya zauna kan reshe yana kaɗa ƙafa, jama'a na jira. Sannan ya yi gyaran murya, bai dubi kowa ba.

"Malam Bunu. Matajin nan naka yana kusa?"

"Wanne? Na mata?"

"Shi."

"Ai na ce ko Ma'u za a kai wa."

"Malam, rana na yi."

Ashe yana cikin jakarsa tun safe. Aka ɗaura shi a igiya ya hau. Haladu ya fara ja, ya ci kamar yatsa uku, sai ya cije ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ya ja, ya yi tsaki, ya ce ai dama ya faɗa. Saude ta tsoma tsumma cikin man suyarta ta ɗaura a igiya ta ce, "Shafa masa, bawa. Kai ma ba ka aiki sai an shafa maka." Ya shafa. Ya kuma gane ba a danna shi, barinsa ake yi ya ci da kansa, a ja dogo-dogo. Kafin la'asar kututturen ya faɗo, wurin ya fito sumul, a ɗan karkace yadda ruwa zai zurare, Mai Albarka kuwa ko ƙwarzane bai ƙaru mata ba. Ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe manyan ciwukan biyu da ƙaramin da ya yi da kuskure.

Da ya sauko ya miƙa zarton, ya ce, "Ba laifi. Ba zai sauke nauyi ba, wannan aikin gatari ne. Amma a matsatsi, da wurin gamawa, ya fi ni hannu. In ka koma kantin ka tambaya da me ake wasa haƙoransa."

"Da magagari, in ji su."

"To ka taho da shi. Kada ka ce ni na ce."

Daga nan sai jira. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Haladu, wanda da ba ya bin hanyar mashigi sai dole, ya tsiri zuwa shan kunu kullum da rana tsaka. Yana sha yana satar kallon turke. Saude ta ce tun da take ba ta taɓa ganin bawa mai son uwar ɗakinsa haka ba. Wata ɗaya inuwar tana taku goma sha biyar bayan turken, wani watan tana bakwai. Akwai makon da ya ga kamar ta tsaya cik, ya kasa cin tuwo, Ma'u ta ce in ya ga dama ya je ya ja ta da igiya.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata. Laraba Malam Bunu ya fito da 'yan ƙwadago da irin gyaɗa, aka aika wa Bulama. Rana ta take tsaka, kowa ya taru a bakin iyaka.

Turken na tsaye shi kaɗai cikin rana ƙwal. Inuwar ko iyakar ba ta taɓa sosai ba, ta tattara ta zuba kan hanya, inda Saude ta riga ta hura wuta a murhunta na damina, ko ɗago kai ba ta yi ba. Malam Bunu ya zagaya turken, ya duƙa ya duba, kamar wanda ya yar da allura. Ya ce a jira la'asar, ko za ta dawo. Aka jira. Ta miƙe ta yi gabas maso kudu abinta. Bulama ya ce magana ta ƙare, tsamiya ta zauna, ya hau jakinsa.

Haladu ya ɗaga kai. Lakar da ya shafa ta fara zubewa, a gefen yankan kuma sabon ɓawo ya fara naɗowa kamar leɓe. Mai Albarka ta cika da fure, ƙudan zuma na ta hidima. Sai a lokacin ya zauna kan saiwar nan mai santsi.

Can sai ga Malam Bunu ya tsallako iyaka, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, yana fifita da hula. Ya nemi wuri kusa da Haladu ya zauna da ƙyar.

"Gonar nan," in ji shi, "ba inda mutum zai fake ko kaɗan. Rana kamar ta kashe ni."

Saude ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

"Ayya, Malam. Sai ka kai ƙara wurin Bulama." Ta miƙa masa ludayi da ƙwarya. "Matsa can, ka zauna min a kan itacen wuta."